Zoben faiba: hanya biyu a taswira, rami ɗaya a ƙasa

Duk kamfanin da ke sayar wa banki ko asibiti ko jami'a layin sadarwa na wayar gilashi, wadda aka fi sani da faiba, yana da maganar da yake kwantar wa mai saye hankali da ita, wato cewa layin nasa a kan zobe yake. Abin da ake nufi shi ne tashoshin kamfanin ba a jere suke a kan layi mai farko da ƙarshe ba, an haɗa su ne a kewaye, kowace tasha tana da maƙwabciya ta dama da ta hagu, ta yadda idan katafila ta tsinke wayar a wani wuri saƙon zai juya ya bi ɗaya ɓangaren har ya isa inda aka aike shi. Maganar gaskiya ce, kuma ina ganin dabarar tana cikin mafi kyawun abin da injiniyoyin sadarwa suka ƙirƙiro. Sai dai tana da sharuɗɗa biyu waɗanda ba a cika gaya wa mai saye ba: hanyoyin biyu su kasance a rabe da gaske a cikin ƙasa, kuma a gyara tsinkewar farko kafin ta biyu ta zo.

Buƙatar zobe ta taso ne daga ƙarfin faibar kanta. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne yake cinye haske, kuma idan aka tace shi har kashi ɗaya cikin 100 na hasken ya iya saura bayan tafiyar kilomita ɗaya, to zai yi aikin sadarwa. Kamfanin Corning na Amurka ya kai wannan matsayi a 1970. Faibar yau kuwa sai haske ya yi tafiyar kilomita 15 a cikinta kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Wannan ci gaba ne ya sa aka tattara kiran mutane masu ɗimbin yawa, wanda a da yake warwatse a kan wayoyin tagulla da turakun rediyo, aka zuba shi cikin kebul ɗaya da bai fi kaurin babban yatsa ba. Riba ta ƙaru, amma hasarar tsinkewa ɗaya ita ma ta ƙaru daidai gwargwado. Ranar 8 ga Mayu 1988 gobara ta tashi a wata cibiyar tarho da ke Hinsdale, kusa da Chicago, inda layukan yanki guda suke haɗuwa, dubun-dubatar mutane suka rasa tarho, wasunsu har tsawon makonni. A wannan shekarar ce kuma aka tabbatar da ƙa'idojin jigilar bayanai a kan faiba, wato SONET a Amurka da takwararsa SDH a sauran duniya, waɗanda a kansu aka gina zoben da ke warkar da kansa.

Abin da ya sa SDH ya dace da wannan aiki shi ne ba ya yin shiru. Kowace tasha tana aika wa maƙwabciyarta ƙunshin bayanai sau 8,000 a cikin sakan ɗaya, ko akwai mai magana a layin ko babu, kuma an zaɓi wannan adadi ne domin sau 8,000 a sakan ake auna muryar mutum a tarhon dijital. Matakin farko, STM-1, yana ɗaukar megabit 155.52 a sakan, ana ninka shi huɗu-huɗu har zuwa STM-64 wanda ya kusa gigabit 10. A goshin kowane ƙunshi an ware wani ɗan fili wanda ba na abokin ciniki ba ne, na injunan ne su kaɗai: a nan suke ƙirga kurakurai, a nan suke yi wa juna gargaɗi, a nan kuma ake samun bayit biyu, wato 'yan guntayen bayanai masu bit takwas-takwas, K1 da K2, waɗanda aikinsu kawai shi ne shirya juyawa idan hanya ta yanke. Tun da ƙunshin ba ya tsayawa, tashar da haske ya ɗauke mata tana ganewa nan take, ba sai wani ya buga waya ya yi ƙorafi ba. Alkawarin da ƙa'idar ta ɗauka shi ne kammala juyawa cikin milisakan 50 bayan an gano matsalar, wato kashi ɗaya cikin 20 na sakan, abin da mai magana a waya ba zai ji ba sai ɗan ƙaras, kuma kiransa ba zai yanke ba.

Hanya biyu ake bi wajen cika wannan alkawari. Ta farko, wadda a SDH ake kira SNCP, mai sauƙi ce ƙwarai. Tashar da ke aikawa tana yin kwafi biyu na saƙon, ta tura ɗaya dama ɗaya hagu, ita kuma mai karɓa tana duban duka biyun tana ɗaukar wanda ya fi lafiya. Babu shawara tsakanin tashoshi, babu jiran amsa, saboda haka wuraren da abu zai iya lalacewa kaɗan ne. Tsadarta ita ce kowane layi da aka sayar yana cin gurbi, wato rabonsa na abin da wayar ke iya ɗauka, a faɗin zoben gaba ɗaya, ko da tashoshin biyu maƙwabtan juna ne. Ta fi dacewa da zoben cikin gari, inda kusan duk zirga-zirgar take nufar babbar cibiya ɗaya.

Ta biyu, MS-SPRing, ta fi tattali kuma ta fi wuyar sha'ani. A ɗauka an zana zobe daga Kano zuwa Zariya, zuwa Kaduna, zuwa Jos, zuwa Bauchi, ya dawo Kano ta Ningi da Birnin Kudu. A kowace gaɓa an raba gurabe biyu, rabi na aiki, rabi an ajiye shi ba a taɓa shi. Saƙon Kano zuwa Kaduna yana bin gajeriyar hanya ta Zariya, kuma gurbin da ya hau ana iya sake sayar da shi tsakanin Jos da Bauchi, tun da ba su haɗu a hanya ba. Yanzu masu aikin titi sun tsinke kebul tsakanin Zariya da Kaduna. Tashoshin nan biyu ne suka ga duhu, sai kowace ta aika wa 'yar'uwarta saƙo ta K1 da K2, ta doguwar hanya, tashoshin tsakiya kuma suna buɗe rabin da aka ajiye suna barin saƙon ya wuce. Saƙon Kano yana isa Zariya kamar kullum, Zariya ta mayar da shi baya a kan gurbin ajiya, ya sake ratsa Kano, ya bi Bauchi da Jos ya shiga Kaduna ta ɗaya ƙofar. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi, saboda haka kewaye kilomita 1,000 bai wuce milisakan 5 ba. Ƙa'idar G.841 ta ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ɗaura alkawarin milisakan 50 ɗin ne a kan zoben da bai wuce kilomita 1,200 ba, kuma tashoshi ba sa wuce 16, domin bit huɗu kacal aka ware wa lambar tasha a cikin bayit ɗin.

Akwai wani ɗan tanadi a wannan tsari da nake girmama masu ƙirƙirarsa saboda shi. Tun da gurbi ɗaya yana yi wa mutane daban-daban aiki a gaɓoɓi daban-daban, idan tasha guda ce ta mutu ɗungurungum, ba waya ce ta tsinke ba, juyawar da maƙwabtanta za su yi tana iya haɗa layin wani banki da na wani kamfani da babu ruwansa. Don haka kowace tasha tana riƙe da jadawalin inda kowane gurbi ya hau da inda zai sauka, kuma idan ta ga cewa tashar da saƙon zai sauka ce ta mutu sai ta danne gurbin ta cika shi da alamar gargaɗi. Masu tsarin sun fahimci cewa kai amanar wani hannun da ba nasa ba ya fi rashin kai ta muni.

An gwada zobe a wasu sigogi ma. FDDI na ƙarshen shekarun 1980 yana da zobe biyu masu kewaya gaba da baya a megabit 100, ya yi zamaninsa a jami'o'i da manyan ma'aikatu. RPR, wanda ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta tabbatar a 2004, ya so ya daina barin rabin hanya a zaune, amma tsadar injunansa ta hana shi yaɗuwa. Wanda ya ci kasuwa shi ne Ethernet, tsarin da ake haɗa kwamfutocin ofis da shi, alhali asalinsa ba ya jituwa da zobe sam, domin saƙon da aka watsa wa kowa zai yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya toshe hanyar. Tsohuwar dabarar hana wannan kewaye takan ɗauki sakan 30 zuwa 50 kafin ta farfaɗo daga tsinkewa, lokacin da ya isa kowane kira ya yanke. A 2008 ITU ta fitar da G.8032, ƙa'idar zobe ta Ethernet. A wannan tsari ana toshe gaɓa ɗaya ta zoben da gangan, a naɗa wa wata tasha alhakin tsaronta. Idan wata gaɓa ta tsinke, tashoshin da ke gefenta su toshe nasu bakin su yi shela, mai tsaron ya buɗe gaɓar da ya toshe, kowa ya goge abin da ya haddace na adireshi ya sake koyo. Bayan an gyara kuma ba a komawa nan take, ana jira, galibi minti 5, don kada layin da ke kamawa yana saki ya riƙa jefa zoben gaba da baya.

Duk wannan aikin injuna ne, kuma sun ƙware a kansa. Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne lissafin da ke ƙarƙashin alkawarin. Layin da yake aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci yana mutuwa kusan awa 9 a shekara. Idan aka samu layi biyu irin wannan waɗanda babu abin da ya haɗa su, yiwuwar su mutu a lokaci guda ɗaya ce cikin miliyan, wato kusan rabin minti a shekara. Daga awa 9 zuwa rabin minti, wannan ita ce ribar zobe gaba ɗayanta, kuma ta rataya ne a kan cewa babu abin da ya haɗa su. Da zarar hanyar dama da ta hagu sun kwanta cikin bututu ɗaya, ko da na tsawon mita 200 ne, to a wannan ɗan wurin babu zobe, bakin katafila ɗaya ya ishe su. Kamar gida ne mai ƙofa biyu amma dukansu cikin zaure ɗaya suke buɗewa.

Wannan ba zato ba ne. Ranar 18 ga Yuli 2001 jirgin ƙasa na kaya ya kauce daga layinsa a cikin ramin Howard Street da ke birnin Baltimore, wuta ta kama ta yi kwanaki tana ci, ta ƙone kebul na kamfanoni da dama waɗanda duk suka zaɓi wannan rami saboda shi ne hanya mafi sauƙi. Wanda ya sayi layi daga biyu daga cikinsu yana ganin ya yi tanadi, ashe rami ɗaya ya saya sau biyu. Mu ma mun ɗanɗana irinsa ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a rana ɗaya a gaɓar Kodebuwa, binciken farko kuma ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan tekun. Masu su daban, shekarun shimfiɗa su daban, amma duk sun ratsa yanki guda. Bankuna da kamfanoni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu sun sha wuya, gyara ya ɗauki makonni, kuma waɗanda suka samu sauƙi su ne masu gurbi a kan kebul irin su Equiano da Glo-1 waɗanda abin bai taɓa ba.

Sharaɗi na biyu shi ne lokaci, kuma TAT-14 ne misalinsa mafi bayyana. An buɗe wannan kebul a 2001 a matsayin zobe na gaske a tekun Atlantika, reshe ɗaya daga Amurka zuwa Ingila, ɗaya daga Amurka zuwa Denmark, sannan gaɓoɓin da suka bi Jamus da Holan da Faransa suka rufe kewayen. A ƙarshen 2003 reshen Amurka da Ingila ya lalace, zoben ya yi aikinsa, kaya suka juya ta arewa. Kafin jirgin gyara ya kammala, cikin 'yan makonni, sai gaɓar da ke tsakanin Faransa da Holan ita ma ta tsinke, intanet ya tangaɗa a Birtaniya. Babu laifin injin ko ɗaya a nan. Zoben da ya tsinke sau ɗaya ya koma layi miƙaƙƙe, kuma haka zai zauna ba kariya har ranar da aka ɗinke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne nasarar zoben ce take ɓoye wannan haɗari. Idan layi miƙaƙƙe ya tsinke, wayoyin manajoji ba sa hutawa, motar gyara takan fita ko da tsakar dare ne. Idan zobe ya tsinke kuwa babu abokin cinikin da ya ji komai, sai jar alama ɗaya a allon cibiyar sa ido a cikin ɗaruruwan alamomi, kuma abu ne mai sauƙi a ce a bari sai Litinin, ko sai an saki kuɗin man mota, ko sai an sasanta da ɗan kwangilar titin. A ra'ayina ya kamata a ɗauki buɗaɗɗen zobe da gaggawar da ake ɗaukar yankewar sabis, a rubuta wa'adin rufe shi a cikin yarjejeniya, a kuma riƙa ƙirga awannin da ya yi a buɗe kamar yadda ake ƙirga awannin da layi ya mutu.

Gyaran kansa ba aikin gaggawa ba ne, ko da an so. Ana fara harba haske cikin faibar da na'urar OTDR, wadda take auna abin da ya dawo ta faɗi nisan wurin da ya tsinke. Amma nisan gilashi take faɗa, ba nisan titi ba, kuma a kowane ramin haɗi akwai 'yan mitoci na kebul da aka naɗe aka ajiye, saboda haka ƙungiyar da taswirarta ba ta cika ba takan ɓata rabin yini tana tono a inda ba nan ba. Idan an samu wurin, kebul ba ya miƙuwa, dole a kawo sabon guntu a yi haɗi biyu. Ma'aikaci zai zauna a bayan mota ko cikin 'yar rumfa, musamman lokacin hunturu da ƙura take tashi, ya fere rigar kowane zare, ya goge shi da sinadari, ya yanke bakinsa daidai, ya ɗora shi a injin ɗinki. Kaurin gilashin maikuron 125 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na milimita, bai fi gashin kai da yawa ba, cibiyar da haske ke bi kuma kusan maikuron 9 ce, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗin. Injin zai daidaita bakunan biyu ya narka su da tartsatsin lantarki, a rufe wurin da 'yar riga mai ƙanƙancewa da zafi, a koma zare na gaba bisa jerin launi, shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, har 12, sannan a buɗe bututu na gaba. Kebul mai zare 96 yana nufin haɗi 192. Tanadin da ke rage wannan lokaci ba a injin zobe yake ba, yana cikin cikakkiyar taswira, da guntun kebul a ma'aji na kusa, da ƙungiyar gyara da ba sai ta taso daga wata jiha ba.

A Najeriya yanayin ƙasa da tsadar izini duk suna tura hanyoyi su haɗu. Duk wanda zai kawo layi daga Legas, inda mafi yawan kebul na teku suke sauka, zuwa Kaduna da Kano, dole ya ƙetare kogin Kwara, kuma gadojin ba su da yawa: ta Jebba, ta Jamata kusa da Lokoja, ko ta Onitsha sannan a ƙetare Binuwai a Makurdi. Zoben da reshensa biyu suka rataya a jikin gada ɗaya ba zobe ba ne. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin izinin tono, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar ninkinsa, kuma idan tono ya yi tsada abin da kamfani zai yi shi ne ya yi hayar zare a cikin kebul ɗin wani, ko su yi musaya. Musayar ba laifi ba ce, sai dai ta nan ne kamfanoni biyu masu suna daban suke ƙarewa a rami guda ba tare da masu sayar musu da layi sun sani ba. Dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wadda ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, za ta taimaka wajen hukunta masu ɓarna da tilasta wa 'yan kwangila sanarwa kafin tono, amma ba za ta raba hanyoyin da aka riga aka haɗa ba. Faibar da ake sakawa cikin wayar saman turakun babban layin lantarki tana da daraja a nan, domin abin da ke kashe ta daban ne da abin da ke kashe ta gefen titi. Ga Jamhuriyar Nijar da Chadi, waɗanda ba su da gaɓar teku, maganar ta fi nauyi, kuma amfanin aikin shimfiɗa faiba ta cikin Sahara zuwa Aljeriya shi ne ya ba su ƙofar arewa wadda babu abin da ya haɗa ta da ta kudu.

Haɗuwar ba a rami kaɗai take faruwa ba. Hanyoyi biyu suna iya rabuwa tsawon ɗaruruwan kilomita, sannan su shiga gini ta bututu ɗaya, su hau injin ɗaya, wanda ke cin wuta daga janareta ɗaya da jerin batir ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar G.842 ta tanadi cewa zobe biyu su haɗu a tashoshi biyu, ba ɗaya ba. Manyan hanyoyin yau, masu ɗauke da launukan haske da dama a zare guda, suna barin zobe suna komawa tsarin raga, inda tasha take da hanya uku ko huɗu kuma take iya jure tsinkewa biyu. Ci gaba ne na gaske, amma hanya huɗu a cikin kwalbati ɗaya hukuncinsu ɗaya da hanya biyu a cikinsa.

Wanda zai sayi layi don wurin da yankewa take da tsada yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa taswirar titi da titi na hanyoyin biyu, ba zanen da'ira a takardar talla ba, ya tambayi wane ne ainihin mai kebul ɗin a kowace gaɓa, ya je da ƙafarsa ya ga ta inda kowace ta shigo gininsa. Ya kuma nemi a gwada juyawar a gabansa, a lokacin da aiki ya yi sauƙi, a zare hanyar dama a ga ko kaya sun koma hagu, sannan a zare ta hagu, domin hanyar ajiya da ba a taɓa ɗora mata kaya ba tana iya kasancewa da lalataccen kati ko kuskuren saiti wanda ba zai bayyana ba sai ranar buƙata. Wannan dubawa kuma ba ta ranar sa hannu kaɗai ba ce. Kamfanoni suna sauya wa layuka hanya idan ana faɗaɗa titi ko an samu haya mai rahusa, saboda haka ya kamata yarjejeniya ta wajabta sanar da mai saye kafin a matsar da kowane reshe, a kuma sake kwatanta taswirorin biyu aƙalla sau ɗaya a shekara.